Gurbin da mai magana ke bari

A babban asibitin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, a shekarun 1840, akwai ɓangarorin haihuwa biyu. Ɗaya likitoci da ɗalibansu ke kula da shi, ɗayan kuma na ungozomai ne. Matan gari sun san bambancinsu sarai, har wasu kan roƙi kada a kwantar da su a wajen likitoci, domin zazzaɓin bayan haihuwa ya fi kashe mata a can nesa ba kusa ba. Wani matashin likita ɗan ƙasar Hungari, Ignaz Semmelweis, ya sa abin a ransa har ya gano bakin zaren: ɗalibai kan fito daga ɗakin fiɗar gawa su wuce kai tsaye su duba masu naƙuda da hannuwan nan nasu. A watan Mayun 1847 ya sa aka ajiye ruwan sinadarin kulorin, ya ce kowa sai ya wanke hannu kafin ya taɓa mace. A watan Afrilun da ya gabata, kusan mata 18 cikin kowane 100 ne suka rasu a ɓangaren. A watannin Yuni, Yuli da Agusta, adadin bai kai 3 cikin 100 ba.

Duk da haka manyan likitocin Turai da yawa ba su karɓi maganarsa ba. Bai wallafa littafinsa ba sai 1861, daga baya kuma ya shiga rubuta wasiƙu yana kiran masu ja da shi masu kisan kai. Ya rasu a 1865 a gidan masu taɓin hankali. Akwai dalilai da dama na wannan ƙiyawa, ciki har da cewa ilimin ƙwayoyin cuta bai kafu ba tukuna, don haka ba shi da cikakken bayanin yadda abin ke faruwa. Amma akwai wani dalili da ya fi damuna. Likitan da ya yarda da Semmelweis dole ne ya ƙarasa maganar da kansa, a cikin zuciyarsa: ashe hannuna ne ya kashe matan nan. Lissafin na Semmelweis ne, wannan jimla ta ƙarshe kuwa ta mai sauraro ce, kuma ba wanda zai iya faɗa masa ita.

Abin da nake son kafawa a wannan sharhi ke nan. Duk maganar da aka yi don shawo kan wani, a baki ne, a takarda ne, ko a allon talla, tana barin gurbi, kuma mai sauraro ne ke cike shi da abin da ya riga ya yarda da shi, ko yake so, ko yake tsoro. Gwanintar jan ra'ayi ita ce sanin inda za a bar gurbin da abin da mutum zai zuba a ciki. A nan ƙarfinta yake, a nan kuma ake rarrabe mai gaskiya da mayaudari.

Girkawa sun lura da haka tun da wuri. A ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, Aristotal ya ce ana shawo kan mutane ta hanyoyi uku: yadda suke ganin halin mai magana, yanayin da ya jefa zukatansu, da kuma hujjar kanta. Wannan rabo shi aka fi maimaitawa a azuzuwa, amma abin da ya fi ba muhimmanci shi ne irin hujjar da mai jawabi ke amfani da ita. Masanin manɗiƙi yakan jera matakan hujjarsa duka, ɗaya bayan ɗaya. Mai jawabi kuwa yakan tsallake matakin da jama'a suka riga suka sani. In wani ya ce maka, "Kada ka ba shi ajiya, ka manta abin da ya yi wa ɗan'uwansa?", bai faɗi cewa wanda ya ci amanar ɗan'uwansa zai ci taka ba. Kai ne ka ƙara wannan, cikin ƙiftawar ido, kuma tun da daga kanka ta fito sai ka ɗauke ta tunaninka. Mutum kan yi gardama da abin da aka faɗa masa, da wuya ya yi gardama da abin da ya faɗa wa kansa.

Malaman balaga na Larabci sun iso wuri ɗaya ta tasu hanyar. Abdulƙahir Al-Jurjani, wanda ya rasu a ƙarni na 11, da ya zo kan babin shafe wani sashe na jimla, ya bayyana cewa wani lokaci barin ambato ya fi ambato fasaha, shiru kuma ya fi magana isar da saƙo. Waɗanda suka biyo bayansa suka taƙaita balaga da cewa ita ce magana ta dace da abin da hali ke nema. Ba za ka san abin da hali ke nema ba sai ka san wanda ke gabanka, abin da ya sani, abin da yake musu, da abin da yake jira ya ji. Shi ya sa suka raba mai sauraro gida uku, wanda bai san zancen ba, mai kokwanto, da mai musu, kowane da irin ƙarfafawar da ta dace da shi.

A jawabin baka, mai magana na da gatan da marubuci ba shi da shi: yana ganin fuskoki. In ya ga an gyaɗa kai sai ya wuce, in ya ga an yamutsa fuska sai ya koma ya gyara. Ranar 28 ga Agustan 1963, Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, ya tsaya gaban mutane kusan 250,000 a birnin Washinton. Kafin ya kai ga sashen da kowa ke tunawa, inda ya yi ta cewa yana da mafarki, ya yi wani kwatance da nake ganin shi ne ƙashin bayan jawabin. Ya ce waɗanda suka rubuta takardar ayyana 'yancin Amurka da kundin tsarin mulkinta tamkar cek suka sa wa hannu ga kowane ɗan ƙasa, amma da baƙar fata suka kai nasu banki sai aka dawo da shi, wai babu isassun kuɗi. Dubi abin da ya yi. Bai nemi farar fata su karɓi wata sabuwar aƙida ba. Ya ɗauko takardun da suke alfahari da su, ya haɗa da abin da kowane mai mutunci ya yarda da shi, cewa wanda ya rubuta cek wajibi ne ya biya, sannan ya bar musu su ƙarasa. Kuma da wani zai miƙe a cikin taron ya ce, "Wato nufinka ana binmu bashi?", da King ya amsa da e, maganar kuma ta ƙara ƙarfi.

A riƙe wannan, domin shi ne ma'aunin da zan yi ta komawa gare shi: a fito da abin da aka bari a gurbi, a faɗe shi da babbar murya, a ga ko maganar za ta tsaya da ƙafafunta.

Rubutu ya fi wuya ta wata fuska. Mai karatu na zaune shi kaɗai, ba hayaniyar taro da za ta ɗauke shi, yana iya komawa baya ya sake duba layin da bai gamsar da shi ba, yana kuma iya ajiye takardar ya tafi abinsa. Saboda haka rubutun da ke jan ra'ayi da gaske yakan rage kururuwa ya dogara ga abin da ya ajiye a gaban ido. A ƙarshen shekarun 1780, masu yaƙi da cinikin bayi a Birtaniya sun buga zanen wani jirgin ruwa na Libaful mai suna Brookes. Zane ne irin na masu ƙera jirgi, da ma'auni da layuka, sai dai an cika kowane bene da ƙananan siffofin mutane a kwance, kafaɗa da kafaɗa, kamar an jera itace. Ba a buƙaci dogon wa'azi a ƙarƙashinsa ba. Wanda ya tsaya ya ƙirga, ya kwatanta faɗin wurin da faɗin jikinsa, shi ya yanke hukunci da kansa. Gani ya kori ji. Majalisar dokokin Birtaniya ta haramta cinikin a 1807, bayan shekara ashirin ana fafutuka, kuma zanen na cikin abubuwan da suka fi yawo a tsawon lokacin.

Ma'aikaciyar jinya 'yar Birtaniya Florence Nightingale ma irin wannan hanya ta bi bayan yaƙin Kirimiya. A 1858 ta fitar da zanen alƙaluma mai launuka da ke nuna cewa cututtukan da ake iya kaucewa sun fi raunukan fagen fama kashe sojojin Birtaniya, da rata mai yawa. Gaskiyarta 'yar'uwar ta Semmelweis ce. Bambancin shi ne ta san waɗanda take son ta shawo, ta kai musu maganar a siffar da za su fahimta cikin minti ɗaya, ta kuma bar musu gurbin da za su iya cikewa ba tare da sun tsine wa kansu ba: za mu iya gyara wannan.

Akwai wani darasi da ya shafi marubuci musamman. A 1945, masu bincike a rundunar sojan Amurka ƙarƙashin Carl Hovland sun gwada saƙo iri biyu a kan sojoji, don a fahimtar da su cewa yaƙi da Japan zai daɗe. Ɗaya ya kawo hujjojin ɓangare guda kawai, ɗayan ya ambaci hujjojin masu ganin akasin haka sannan ya amsa su. A wajen waɗanda tun farko suke adawa da ra'ayin, da waɗanda suka fi zurfin karatu, saƙon da ya ambaci ɓangarorin biyu ne ya fi tasiri. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai musu yana da tasa hujjar a ransa, in ka yi kamar babu ita sai ya cike gurbin da cewa ko ba ka sani ba ko kana ɓoyewa.

Talla kuwa ita ce inda wannan sana'a ta zama masana'anta, kuma a nan ya kamata a daɗe. Ba kowace talla ce yaudara ba, in faɗi wannan tun da wuri. Wadda ta ce ga kaya, ga amfaninsu, ga inda ake samunsu, hidima ta yi wa mai saye, kuma kuɗin talla ne ya daɗe yana riƙe jaridu da gidajen rediyo da talabijin. Matsalar tana farawa ne lokacin da kaya suka yi kama da juna har ba abin da za a faɗa a kan ɗaya wanda ba za a faɗa a kan ɗayan ba. Daga nan mai talla yakan daina magana a kan kayan ya koma magana a kan mai saye.

Ranar Lahadin Ista ta 1929, a titin Fifth Avenue na birnin New York, wasu 'yan mata suka shiga jerin gwanon bikin suka kunna sigari a bainar jama'a, abin da ake ƙyamar mace ta yi a lokacin. 'Yan jarida na nan a shirye, domin an riga an tsegunta musu cewa mata za su kunna abin da aka kira tocilan 'yanci. Wanda ya shirya komai shi ne Edward Bernays, ɗan 'yar'uwar shahararren masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud, kuma kamfanin taba mai Lucky Strike ne ya ɗauke shi aiki. Shekara tara kacal ke nan da matan Amurka suka samu damar jefa ƙuri'a a faɗin ƙasar, ƙishin daidaito da maza na nan da zafinsa. Bernays bai ƙirƙiri wannan ƙishi ba, ya tarar da shi ne ya ɗaura masa karan sigari. To a gwada ma'aunin nan. A fito fili a ce, "Shaƙar hayaƙin taba zai sa ki zama daidai da namiji, kuma kamfanin da ke sayar da ita ne ya biya aka faɗa miki haka." Maganar ta rushe tun kafin a kai ƙarshenta. Abin ya yi aiki ne kawai saboda ba a faɗe shi ba, kuma ba a san wanda ke bayansa ba.

Haka tallar Camel ta 1946, wadda ta yi ta nanata cewa likitoci sun fi shan wannan sigari a kan kowace. Ba ta ce sigari na da amfani ga lafiya ba. Farar rigar likitan da ke cikin hoton ce ta sa mai karatu ya faɗa wa kansa haka. Haka kuma kamfanin lu'ulu'u na De Beers, wanda a 1947 wata marubuciyar talla mai suna Frances Gerety ta tsara masa taken da ke cewa lu'ulu'u na har abada ne. Jimlar a kan dutse take, amma saurayin da ya karanta ta a kan soyayya ya ji ta, sai ya ƙarasa: in ƙaunata ta har abada ce, da wannan dutse zan nuna. Har ila yau abin da ya zama na har abada ba a mayar da shi kasuwa, kuma wannan ya yi wa mai sayar da sabo daidai.

Sai dai kada a zarce a ɗauka mai talla matsafi ne. Masana tarihi sun nuna cewa shan sigari a tsakanin matan Amurka ya riga ya fara hauhawa kafin 1929, kuma Bernays ya ƙware wajen kambama rawar da ya taka, wanda shi ma wani nau'in talla ne. A 1957 wani mai suna James Vicary ya yi iƙirarin cewa ya cusa saƙon sayen Coca-Cola a tsakanin hotunan fim, da saurin da ido ba ya kamawa, kuma ciniki ya ƙaru. Hankalin jama'a ya tashi, aka yi ta maganar sarrafa ƙwaƙwalwa. A 1962 ya amsa cewa ba shi da sahihan bayanan da ke tabbatar da abin da ya faɗa.

In aka auna da kyau, sauya wa mutum ra'ayi abu ne mai wuyar gaske. A zaɓen shugaban Amurka na 1940, Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa sun bi masu zaɓe a wata gunduma ta jihar Ohayo wata bayan wata, suka tarar 'yan ƙalilan ne yaƙin neman zaɓe ya juya daga wannan ɗan takara zuwa wancan. Galibi ya ƙarfafa abin da mutane suka riga suka karkata gare shi ne, kuma maganar maƙwabci ko ɗan'uwa ta fi ta rediyo da jarida shiga. A 2018 Joshua Kalla da David Broockman sun tattara gwaje-gwaje 49 a kan tuntuɓar masu zaɓe da tallace-tallacen siyasa, suka ce a babban zaɓen Amurka tasirinsu wajen sauya wanda za a zaɓa kusan babu ne. Kamfanin saye da sayarwa a intanet mai suna eBay ma ya taɓa dakatar da biyan kuɗin tallar sunansa a wasu shafukan bincike na intanet, sai ya tarar kusan duk masu zuwa sun ci gaba da zuwa ta hanyar da ba a biya ba. Yana biya ne don ya jawo waɗanda dama suna kan hanya.

Waɗannan ba sa nufin jan ra'ayi ba shi da haɗari. Suna nuna inda haɗarin yake ne: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gidan rediyon RTLM na Ruwanda, wanda ya fara aiki a 1993, bai ƙago gaba tsakanin ƙabilun Hutu da Tutsi ba. Ya tarar da tsohon tsoro da yaƙi a ƙasa, ya yi ta kiran Tutsi kyankyasai da raha da kiɗa har kalmar ta zauna a kunne, ya bar mai sauraro ya ƙarasa abin da ake yi wa kyankyaso. A cikin kwana kusan 100 na 1994 an kashe mutane kimanin 800,000. Wani bincike na David Yanagizawa-Drott da aka wallafa a 2014, wanda ya kwatanta ƙauyukan da siginar ta kai da waɗanda tsaunuka suka tare, ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na shiga kisan ana iya jingina shi ga rediyon. Kashi goma na irin wannan ta'asa dubban rayuka ne. A 2003 kotun ƙasa da ƙasa da ke zama a Arusha ta ƙasar Tanzaniya a lokacin ta samu jagororin gidan rediyon da laifi, duk da cewa da baki suka yi aikinsu.

Kamfanonin taba sun koyar da wata dabara da ta fi talla dabara. Bayan da binciken Richard Doll da Austin Bradford Hill na 1950 da wasu irinsa suka danganta sigari da sankarar huhu, kamfanonin Amurka sun buga wata sanarwa a ɗaruruwan jaridu a watan Janairun 1954, suna cewa lafiyar jama'a ce a gabansu kuma za su ɗauki nauyin ƙarin bincike. Ba su ce masana ƙarya suke yi ba, cewa suka yi magana ba ta ƙare ba. Wata takardar cikin gida ta kamfanin Brown & Williamson ta 1969 ta faɗi abin ƙarara, cewa kokwanto shi ne hajarsu. Mai shan sigari na son dalilin da zai sa ya ci gaba, ba ya buƙatar a gamsar da shi, ƙofa kawai yake so a bar masa a buɗe. Wannan salo ya fi ba ni tsoro a kan ƙarya tsagwaronta, domin yana sanye da rigar adalci da taka-tsantsan.

Wani zai ce to mafita ita ce a daina ado, a faɗi gaskiya tsirararta. Na daɗe ina ganin haka, har ranar da na zauna a gefen gadon wata 'yar'uwata ana shirin yi mata tiyata. Likitan ya ja kujera ya zauna, ya dube ta ya ce, "Hajiya, cikin mutum 100 da ake yi wa wannan aiki, 90 suna tashi lafiya." Na ji hannunta da ke riƙe da nawa ya saki kaɗan. Bayan an jima, a baranda, na sake tambayar wani likitan, ya ce mini cikin 100 akan rasa 10. Sai da na nemi bango na jingina. Adadi ɗaya suka faɗa, ba wanda ya yi ƙarya, amma jikina bai ji su iri ɗaya ba.

Amos Tversky da Daniel Kahneman sun auna wannan a 1981. Sun ba mutane labarin wata cuta da za ta kashe mutum 600, da zaɓi biyu, ɗaya tabbatacce ɗaya kuma na kasada. Da aka ce tabbataccen zai ceci 200, kashi 72 cikin 100 suka zaɓe shi. Da aka ce a ƙarƙashinsa 400 za su mutu, wanda daidai yake da na farko, kashi 78 cikin 100 suka gudu zuwa kasada. Wani bincike na 1982 kan zaɓi tsakanin tiyata da gashi da hasken radiyeshon wajen maganin sankarar huhu ya nuna cewa su kansu likitoci ba su tsira daga wannan ba. Ashe babu wata hanyar faɗin abu da ba ta karkata ko'ina ba. Dole ka fara da wata kalma, ka zaɓi wani misali, ka bar wani. Kowa mai jan ra'ayi ne, da malami a aji da uwa a ɗaki da ɗan jarida da ke zaɓen kanun labari. Abin da ya rage shi ne ko mutum zai yarda a juya maganarsa a ga bayanta. Likitan da ya ce 90 na tashi, in aka tambaye shi sauran goman fa, ya amsa ba tare da kwana-kwana ba, ya sauke nauyinsa.

Nauyin kuwa yana kan mai iya magana, ko da ya yi nasara. A hadisin Ummu Salama da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗakar da masu kawo masa ƙara cewa wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujjarsa, sai a yanke masa hukunci bisa abin da aka ji. Wanda aka ba wani abu daga haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya kada ya karɓa, domin yankin wuta ne aka yanka masa. Ba a hana iya magana ba, an dai nuna cewa gamsuwar mai sauraro ba ta wanke mai magana.

Abin da intanet ta sauya shi ne shaidu. Mai jawabi a dandali abokin hamayyarsa na jinsa, allon talla a titi kowa na ganinsa, don haka akwai wanda zai iya miƙewa ya faɗi abin da aka ɓoye a gurbi. Yau kuwa ana iya nuna wa kowane mutum nasa saƙon a wayarsa, a gwada siga ɗari a lokaci guda, na'ura ta riƙe wadda ta fi sa a danna, ba tare da wani ɗan Adam ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa ta yi aiki ba. In tsoro ne ya fi jawo dannawa, tsoro za ta riƙe. Ga kuma maimaici, wanda tun 1977 gwaji ya nuna cewa jimlar da mutum ya taɓa ji takan fi yi masa kama da gaskiya a karo na gaba, ko gaskiya ce ko ba ita ba. Badaƙalar 2018 ta Cambridge Analytica, wani kamfanin ba 'yan siyasa shawara kan zaɓe, inda aka kwashi bayanan masu amfani da Facebook da ka iya kaiwa miliyan 87, ta sa hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci tarar kamfanin Facebook dala biliyan 5 a 2019. Tarayyar Turai kuma, a dokarta ta hidimomin intanet ta 2022, ta wajabta wa manyan dandamali su ajiye rumbun tallace-tallacen da kowa zai iya dubawa, da sunan wanda ya biya. Ina ganin wannan tanadi ya kama ainihin ciwon, domin shaidun da aka kora yake ƙoƙarin dawowa da su.

Akwai tambayar da ma'aunina zai fuskanta, kuma ba zan kauce mata ba. Hukumomin lafiya ma suna amfani da tsoro. Tun farkon shekarun 2000 Kanada ta fara sa hotunan ruɓaɓɓen huhu da lalatattun haƙora a jikin kwalin sigari, ƙasashe da dama suka bi sahu. Shin wannan ba taɓa zuciya ba ne, kamar yadda Bernays ya yi? Taɓa zuciya ne, babu musu. Amma a fito da gurbin a faɗa: "Mun sa wannan hoto ne don ka tsorata, domin abin da ke cikin kwalin yana jawo abin da ke cikin hoton, kuma mu gwamnati ne muka sa." Ba abin da ya ragu. Tsoron ya yi daidai da haɗarin, mai maganar kuma bai ɓuya ba.

Ostireliya ta ƙara gaba a watan Disambar 2012. Ta kwashe launuka da tambura daga kwalin gaba ɗaya, ta mayar da kowane kwali launi ɗaya mai duhu marar armashi, sunan kamfani kuma a rubuce da ƙananan baƙaƙe iri ɗaya ga kowa. Ba a taɓa tabar da ke ciki ba, ba a hana sayarwa ba. Duk da haka kamfanonin sun kai ƙara babbar kotun ƙasar suka sha kaye a 2012, wani ya kai ƙara gaban kwamitin sasanta rikicin zuba jari aka yi watsi da ita a 2015, wasu ƙasashe masu noman taba kuma suka kai maganar Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, inda aka yi ta shari'a har zuwa 2020 kafin Ostireliya ta yi nasara a matakin ɗaukaka ƙara. Shekara takwas ana biyan manyan lauyoyi a nahiyoyi daban-daban, a kan launin kwali da siffar harafi, abubuwan da ba su taɓa furta jimla ko ɗaya ga mai saye ba.